Shaidar Mujalla da Shaidar Hanya: Wa Mai Sayen Babbar Mota Zai Gaskata?

Cinikin birnin Kano, tun daga Kasuwar Kurmi da ke cikin ganuwa har zuwa Kantin Kwari da Singa da kasuwar hatsi ta Dawanau, ya rataya ne a wuyan manyan motoci, domin tun da harkar jirgin ƙasa ta ja baya, tireloli da tankoki ne ke ɗauko kaya daga tashoshin jiragen ruwa na Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, su kuma kwashi hatsi da dabbobi zuwa kudu. Sayen irin wannan mota jari ne mai nauyi wanda kuskure a cikinsa kan iya karya ɗan kasuwa, kuma yanzu da wayar hannu ta kawo sharhin mujallun ƙasashen waje da makin da ake bai wa motoci har cikin shago, ya dace a san yadda ake samar da waɗannan hukunce-hukunce kafin a dogara da su.

Hanya ta farko ita ce jin ra'ayin masu motoci, wato a aika wa dubban mutane tambayoyi a kan abin da ya lalace musu, sannan a tattara amsoshin a fitar da maki. Kamfanin J.D. Power na Amurka, wanda aka kafa a 1968, ya shahara da ƙidaya yawan matsaloli a kan kowace mota 100, sau ɗaya bayan kwana 90 da saye, sannan a wani binciken daban a kan motocin da suka shekara 3 a hannun masu su. Raunin wannan lissafi shi ne yana tara manyan matsaloli da ƙanana wuri guda, ta yadda ƙorafi a kan na'urar kiɗa kan shiga ƙidaya tare da lalacewar giya, ga shi kuma kamfanin yana sayar wa masu ƙera motocin bayanansa, yana karɓar kuɗi kafin a sa lambar yabonsa a talla. Mujallar Consumer Reports, wadda ta fara fitowa a 1936, ta kauce wa wannan zargi, domin ba ta karɓar talla kuma da kuɗinta take sayen motocin da take gwadawa, sai dai masu amsa tambayoyinta mambobinta ne da suka ga damar amsawa, kuma abin da take aunawa ƙananan motoci ne da a-kori-kura, ba tirela mai ɗaukar tan 30 ba.

Hanya ta biyu ita ce sharhin 'yan jarida, wanda yawanci ake yi a kan sabuwar mota da kamfani ya ba da aro na 'yan kwanaki bayan ya duba ta ciki da waje, alhali tallan kamfanin na daga cikin abin da mujallar ke rayuwa a kai. Lambar babbar motar shekara, wadda 'yan jaridar Turai ke bayarwa tun 1977, ana ba da ita ne ga motar da ta fito kwanan nan saboda sabuwar fasahar da ta zo da ita, don haka ba ta cewa komai game da yadda motar za ta kasance bayan shekara goma. Akwai kuma lokutan da alƙaluman kansu suka zama na bogi. A 2014 ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta amsa cewa an kumbura yawan ƙuri'un masu karatu a zaɓen motar da aka fi so wanda mujallarta ke shiryawa, sannan a 2022 kamfanin Hino na Japan, mai ƙera manyan motoci, ya amsa cewa ya yi shekaru yana ba da bayanan ƙarya a kan hayaƙi da shan man wasu injinansa, irin bayanan da masu sharhi kan kwafa ba tare da sun gwada ba.

Ko da an ɗauka duk alƙaluman gaskiya ne, babbar matsalar ga mutumin Kano ita ce motar da aka auna ba ita ce za ta zo hannunsa ba. Yawancin DAF da MAN da Mack da ke kan titunan arewa sun riga sun yi dubban ɗaruruwan kilomita a Turai ko Amurka kafin a shigo da su, sannan a nan za su haɗu da zafin watan Afrilu mai haura digiri 40, da ƙurar hunturu mai toshe matatar iska, da ramuka, da lodin da ya wuce ƙima, da man dizal wanda ingancinsa ke bambanta daga gidan mai zuwa wani. Sababbin injinan Turai, waɗanda doka ta tilasta musu rage hayaƙi, suna aiki ne da kwamfuta da na'urorin ji masu yawa da wani ruwa na musamman mai suna AdBlue, kuma abin da ya ɗaga makinsu a can shi ne zai iya ajiye mota mako guda a gefen hanyar Zariya idan ba a sami mai na'urar gano laifin ba. Tsohuwar Mercedes 911, wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin ANAMMCO na Inugu a zamanin da kamfanin Steyr ke haɗa motoci a Bauci, kamfanin NTM kuma ke haɗa Fiat a Kano, ba za ta sami gurbi a kowane teburin maki na zamani ba, amma har yanzu tana jigilar kasuwannin ƙauye saboda injinta mai sauƙi ne kuma kowane bakanike ya san cikinsa.

Wannan ne ya sa masu motocin Kano suka daɗe da nasu ma'aunin, wanda cibiyarsa ita ce kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa da garejojin bakanikai. Abin da suke tambaya shi ne ko ana samun kayanta, ko tana jure lodi, ko tana shan mai, da kuma nawa za ta yi idan an tashi sayar da ita, kuma wannan tambaya ta ƙarshe ta fi sauran ƙarfi, domin farashin tsohuwar mota hukunci ne na mutanen da suka sa kuɗinsu. Duk da haka, wannan shaida ma tana da nata son rai: bakanike kan yabi motar da ya iya gyarawa, dillali na duban la'adarsa, direba kan ɗora wa mota laifin gangancinsa, motocin da suka mutu tun da wuri kuma sun riga sun koma hannun 'yan gwangwan, ba a ganin su balle a ƙidaya su. Haka nan yawan Howo a rundunar motocin Ɗangote shaida ce mai nauyi, amma kamfanin yana da hannun jari a masana'antar haɗa motocin Sinotruk, mai ƙera Howo, da ke Ikeja, yana kuma da garejoji da rumbun kayan gyara na kansa, abin da mai mota ɗaya ba shi da shi.

Saboda haka, kowace shaida tana da iyakar da za ta amfanar. Maki da sharhi suna da amfani wajen gano laifin da aka san wani samfurin inji ko giya da shi, musamman idan majiyoyi da dama marasa alaƙa da juna sun ambace shi, muddin mai karatu ya tambayi su wa aka tambaya, su nawa ne, shekarun motocin nawa, kuma wa ya biya kuɗin binciken. Shaidar Ƙofar Ruwa kuwa ita ke nuna ko samfurin zai rayu a wannan ƙasa, idan an ji ta daga bakin masu motoci da dama waɗanda ba su da abin sayarwa. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ya ga ainihin motar da ke gaban mai saye, don haka gani ya kori ji: bakanike amintacce wanda mai saye ya biya da kansa ya duba inji da shasi da birki, a tantance takardun kwastan, a kuma gwada motar da kaya a bayanta kafin kuɗi ya fita daga hannu.