Shan Ciki, Wabi da Hawaye: Tantance Abin da Ake Faɗa wa Mai Cikin da Ta Yi Rashin Ɗa

Macen da ɗanta ya rasu alhali tana ɗauke da wani cikin tana karɓar gaisuwar ta'aziyya ne a daidai lokacin da ake yi mata fatan sauka lafiya, kuma a cikin masu zuwa gaisuwar ba a rasa waɗanda za su zo mata da bayanin abin da ya kashe yaron. Mafi yawan bayanan nan sun ginu a kan abin da ido ya gani da gaske, sai dai an ba shi fassarar da ba tasa ba, kuma kusan dukkansu kan ƙare da ɗora laifi a kan uwa, a lokacin da ta fi bukatar a taimake ta ta kula da cikin da ke jikinta.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce ta shan ciki, wato cewa idan mace ta yi kwanika, ma'ana ta sami ciki tun ba ta yaye na goye ba, nononta ya gurɓace, kuma yaron da ya ci gaba da shan sa zai yi ta zawo yana ramewa har ya mutu. Rabin maganar gaskiya ne, domin yaran da aka yi wa ƙane da wuri sun fi shiga haɗarin tamowa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ɗaukar wani cikin. Amma nonon mai ciki ba ya zama guba. Abin da ke faruwa shi ne yakan ragu, musamman idan ciki ya kai tsakiyarsa, ɗanɗanonsa kuma ya ɗan sauya. Ainihin cutarwar tana zuwa ne daga yayen gaggawa, inda ake raba yaro ɗan wata 8 ko 10 da nono rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, a mayar da shi kan koko tsararo da ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba, daga nan zawo ya kama shi, jikinsa ya rasa abin gina shi. Likita Cicely Williams ta bayyana irin wannan cuta a Akara ta ƙasar Gana tun a 1933, ta kuma danganta ta da abincin masara zalla da ake ba yaran da suka rasa isasshen nono. Abin da ake yi don tsare yaro daga shan ciki, shi ne sau da yawa yake jefa shi cikin halaka.

Addini ma bai goyi bayan wannan tsoro ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana gila, sannan ya fasa, saboda ya lura Rumawa da Farisawa suna yin ta ba tare da ta cutar da 'ya'yansu ba. Imamu Malik ya fassara gila da kusantar miji ga matarsa tana shayarwa, wasu malaman lugga kuma suka ce ita ce shayarwar mai ciki, kuma kowace fassara aka ɗauka, hukuncin bai zama hani ba. Ta fuskar lafiya kuwa, mai cikin da ake ba shawarar ta nemi ra'ayin likita kafin ta ci gaba da shayarwa ita ce wadda ke zubar da jini ko take da tarihin naƙuda kafin lokaci.

Magana ta biyu ita ce ta wabi, wato mutuwar 'ya'yan mace ɗaya bayan ɗaya suna ƙanana, har a ce yaro guda ne yake zuwa yana komawa. Daga wannan imani ne aka sami sunaye irin su Ajuji da Ayashe, waɗanda ake laƙaba wa yaro don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko ya zauna. Yarabawa na kiran irin wannan yaro abiku, Ibo kuma ogbanje. Maimaituwar mutuwar gaskiya ce, amma komowar rai ɗaya cikin jiki daban-daban ba ta da gurbi a aƙidar Musulunci ko ta Kiristanci, kuma ilimin likitanci ya san dalilan da ke sa rashi ya riƙa bin gida ɗaya. Babba a cikinsu shi ne amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Idan miji da mata duka suna da rukunin AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da SS, kuma wannan lissafi sabo ne a kowane ciki, ba ya tuna abin da ya gabata, don haka iyali ɗaya na iya haifar masu cutar uku a jere. Alamunta ba sa bayyana sai yaro ya kai wajen wata 6, da kumburin hannu da ƙafa da yawan zazzaɓi, abin da ya yi daidai da siffar yaron da ake cewa ya zo lafiya sannan ya juya. An ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta a Najeriya kowace shekara, kuma a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin jini kafin aure.

Akwai kuma saɓanin jini na Rh, inda uwa ba ta da wani sinadari a jikin jajayen ƙwayoyin jininta alhali ɗan ya gado shi daga uba, sai jikinta ya ƙera abin yaƙarsa. Ɗan fari yakan tsira, na bayansa su riƙa zuwa da shawara mai tsanani ko su mutu a ciki, alhali allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari tana hana hakan tun kafin ya fara. Tunjere, da hawan jinin masu ciki, da ciwon suga, da zazzaɓin cizon sauro su ma suna maimaita ɓarna idan ba a gano su ba, kuma dukkansu ana gano su a wurin awo.

Zargin maita ko na kishiya ba ya bukatar dogon bayani. Hadisi ya tabbatar da cewa kambun ido gaskiya ne, amma bai ba kowa izinin nuna wata tsohuwa ko abokiyar zama da yatsa ba tare da hujja ba, kuma sau da yawa zargin yana faɗawa ne a kan wadda ba ta da mai tsaya mata.

Abin da ya fi nauyi a zuciyar uwa shi ne a ce mata kukanta rashin tawakkali ne, ko kuma yana azabtar da yaron a kabari. Lokacin da Ibrahim, ɗan Annabi (SAW) da Mariyatul Ƙibɗiyya ta haifa, yake gargara a shekara ta 10 bayan hijira, bai cika shekara 2 ba, idanun mahaifinsa sun zubar da hawaye, kuma da Abdurrahman bin Auf ya nuna mamaki sai ya bayyana masa cewa wannan jinƙai ne. Abin da aka haramta shi ne niyaha, wato kururuwa da marin fuska da yage tufafi da furta kalaman ƙin ƙaddara. Hadisin da ke maganar azabtar da mamaci saboda kukan iyalinsa kuwa, Nana A'isha ta yi masa gyara da hujjar cewa babu ran da ke ɗaukar nauyin laifin wani, malamai da yawa kuma sun ɗauke shi a kan wanda ya yi wasiyya a yi masa kururuwa, jaririn da alƙalami bai hau kansa ba kuwa bai yi wasiyya ba, ba shi da zunubi. Haka nan kwana 3 da shari'a ta ƙayyade wa mace ta yi zaman makoki ga wanda ba mijinta ba, iyaka ce ta barin ado, ba wa'adin da aka ɗiba wa zuciya ta daina jin ciwo ba. Bisharar da ake yi wa iyaye cewa yaron da ya riga su zai zama musu kariya daga wuta tana da asali a ingantattun hadisai, sai dai an faɗe ta ne don lallashi, bai kamata a mayar da ita sandar rufe bakin mai kuka ba.

Ana kuma tsoratar da ita cewa baƙin cikinta zai shafi na ciki. Hawaye ba sa cutar da ɗan tayi. Abin lura shi ne damuwar da ta zarce makonni har ta hana uwa ci da barci da zuwa asibiti, wadda cuta ce mai magani kamar sauran cututtuka, ba raunin imani ba. Fargabar da ke kama ta duk lokacin da cikin ya yi shiru ita ma ba abin kunya ba ce, domin wadda ta taɓa haifar ɗa ba rai tana da ƙarin haɗari a cikin gaba, ko da yake mafi yawan irin waɗannan mata suna sauka da ɗa rayayye. Fargabar na da amfani idan ta kai ta ga faɗa wa ma'aikatan lafiya dukkan tarihinta tun a awon farko, da neman gwajin rukunin jininta da na mijinta, da shan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na 4, da shirin haihuwa a asibiti, tunda fiye da kashi 40 cikin 100 na jariran da ake haifa ba rai a duniya suna mutuwa ne a lokacin naƙuda. Idan kuma motsin ɗa ya ragu ko ya sauya daga yadda ta saba ji, a ranar ake zuwa asibiti, ba a jiran ranar awo.