Iyafis Maras Igiya Mai Danne Hayaniya: Matsalolin Zama, Rufewa da Tsafta

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe ba shi da jarin da ya wuce kunnensa. Da shi yake rarrabe dogon wasali da gajere, da shi yake bambance "b" da "ɓ", da shi kuma yake juyar hirar da ya ɗauko daga bakin dattawa zuwa takarda. Don haka ne ɗalibai da dama suka koma ga iyafis maras igiya mai danne hayaniya, domin su sami damar sauraro cikin ƙugin janareta da fanka. Sai dai sau da yawa ba a daɗe da saye ba sai a ji ana kukan cewa na'urar ta lalace, ko kuwa jabu ce. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa galibin waɗannan matsaloli ba a cikin na'urar suke ba, suna nan ne a daidai inda roba ta haɗu da kunne.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Sauti dai kaɗawar iska ce, wadda takan taho kamar igiyar ruwa, tudu na bin kwari. Tun a shekarar 1936 wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya sami rajistar wata dabara a Amurka, watau idan aka haɗa sauti da kishiyarsa, tudun wannan ya faɗa a kwarin wancan, to, sai su kashe juna. Kamfanin Bose ya fitar da irin wannan na'ura domin matuƙa jirgin sama a 1989. Daga baya aka ƙanƙantar da ita har ta shiga cikin kunne, kamar yadda Sony ya yi a 2017, Apple kuma a 2019.

A jikin iyafis akwai ƙaramin makirfo da ke sauraren hayaniyar waje, a yawancinsu kuma akwai wani a ciki mai sauraren abin da ya isa ramin kunne. Da abin da suka ji ne na'urar take ƙirƙiro kishiyar sautin. Amma wannan dabara ta fi tasiri a kan sauti mai kauri wanda ba ya canzawa, kamar ƙugin inji. Siririn sauti mai kaifi kuwa, irin kukan yaro ko ƙarar kwano, robar bakin iyafis ce take tare shi, kamar yadda mutum kan toshe kunne da yatsa. Ke nan aikin biyu ne, kuma dukansu sun dogara a kan rufewar ramin kunne ruf.

3.0 Matsalar Zama

Tsawon ramin kunnen baligi bai wuce kimanin santimita biyu da rabi ba, kuma a lanƙwashe yake. Faɗinsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, har ma kunnen dama yakan saɓa da na hagu. Wannan ne ya sa kamfanoni suke haɗo robobi iri uku ko fiye, ƙarama da matsakaiciya da babba. Mafi yawan masu saye sukan zauna a kan wadda suka tarar a jiki, su bar sauran a kwali.

Idan robar ta yi ƙanƙanta, sai ta shige ba tare da ta taɓa bangon kunne ba. Idan ta yi girma, sai ta tattare ta bar kafa, ta sa ciwo, sa'an nan kunne ya riƙa turo ta waje. Har ila yau, motsin muƙamuƙi wajen magana ko tauna yakan canza siffar ramin, shi ya sa iyafis yakan sulluɓe wa mai cin abinci. Maganin wannan shi ne a gwada kowace roba a kowane kunne daban, ko da za a ƙare da babba a dama, matsakaiciya a hagu. Wajen sawa kuma a ja saman kunne sama da ɗan baya da ɗaya hannun domin ramin ya miƙe, a tura a hankali, a ɗan murɗa. Wanda robar ta ƙi zama masa sai ya nemi ta soso, wadda akan matse kafin a sa, ta kumbura ta ɗauki siffar ramin.

4.0 Matsalar Rufewa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. 'Yar kafa kaɗan ta isa ta ɓata aikin duka. Alama ta farko ita ce sauti ya rasa kauri, ganga ta koma kamar ana buga gwangwani, domin sauti mai kauri yana bukatar iskar da ke tsare a cikin kunne. Ta biyu, hayaniyar waje ta dawo. Ta uku, a wasu lokuta, a ji wani siririn fito.

Akwai gwaji mai sauƙi. Bayan an sa iyafis, kafin a kunna komai, mutum ya yi magana. Idan ya ji muryarsa ta yi kauri kamar daga cikin kansa take fitowa, an sami rufewa. Wasu iri, kamar AirPods Pro, suna da gwaji a cikin waya wanda yakan kaɗa sauti ya auna yoyon da makirfon ciki.

Lamarin ya wuce na jin daɗi. Wanda hayaniya ta shigo masa yakan ƙara murya domin ya rinjaye ta, alhali kuwa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, ta yadda a desibel 89 awa 5 kacal suka rage. Jijiyoyin ji na can cikin kunne kuwa, in sun mutu ba sa sake tsirowa.

5.0 Matsalar Tsafta

Dauɗar kunne ba cuta ba ce. Fatar bakin ramin ce take samar da ita domin ta kama ƙura, kuma da kanta take gangarowa waje. Iyafis yakan tare mata hanya, sai ta haɗu da gumi, a lokacin hunturu kuma da ƙurar buji, ta liƙe 'yar rariyar da sauti yake fitowa ta cikinta. Mafi yawan kukan cewa ɗaya kunnen ya yi ƙasa daga nan yake. Idan kuma ƙofar makirfo ce ta toshe, danne hayaniya sai ya raunana. Maiƙo a jikin roba yana sa santsi, datti a kan ƙananan ƙarafan caji kuma yana hana batir cika.

Hanyar gyara ita ce a cire robar a wanke ta da ruwa, a bari ta bushe sarai kafin a mayar. Rariyar kuma a kifa ta ƙasa a goge da busasshen buroshi mai laushi, domin dattin ya zubo maimakon ya shige. Kada a sa allura ko tsinken ashana, gama sukan huda rariyar, kada kuma a tsoma na'urar a ruwa. Alamar IPX4 da ke jikin kwalin wasunsu tana nufin jure gumi da yayyafi ne kawai. Ƙarafan caji a goge su da busasshiyar auduga. Aron iyafis ma abin gudu ne, domin hanya ce ta yaɗa ciwon kunne. Wanda ya ji ciwo, ko ƙaiƙayi, ko ruwa na fita, ya dakata da amfani ya ga likita.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa matsalolin nan uku a sarƙe suke: datti yana hana zama, rashin zama yana hana rufewa, rashin rufewa kuma yana jawo ƙara murya. Saboda haka kafin a kai iyafis wurin mai gyara, ko a zargi ɗan kasuwa, ya kamata a fara da wanke roba, a share rariya, a gwada wani girman. Iyafis in ya lalace ana sayen wani a kasuwa, amma ba a sayar da kunne.