Babi na Tara: Me Ƙarar Take Bi?

Direban da ya tashi daga Agadas ya nufi Dirku ko Bilma a cikin Hilux ko Land Cruiser ya san babu gareji a tsakiyar Tenere. Kunnensa ne bakaniken da ke tare da shi. Kunnen da ya ƙware kuwa tambaya ɗaya yake yi wa kowace ƙara: injin take bi, ko taya?

Gwajin ba ya cin ko sisi. Mota na gudu a fili, ka taka kuloci, ka sa ta firi, ka bar injin ya sauko. In ƙarar ta sauko tare da injin, can gaba ciwon yake. In ta ci gaba, ba ta raguwa sai yadda gudun motar ya ragu, to ka nemi laifin daga bayan giyabos zuwa taya. Amma je ka kowane gareji ka kasa kunne. Mutum zai shigo yana cewa, "Oga, giyabos ɗina ya tafi," tun ba a ɗaga motar ba. Sau da yawa boris ɗin taya ne kawai, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar na giyabos ba. Gurnaninsa ma ba ya ɓuya: ka karkata sitiyari hagu da dama a hankali, za ka ji ya ƙaru idan nauyi ya koma kan ƙafar da ke ciwo, ya lafa idan nauyin ya bar ta.

Sauran a taƙaice. Ƙas-ƙas-ƙas lokacin shan kwana sosai, gaɓar shaf ɗin gaba ce: robarta ta yage, giris ya fita, rairayi ya shiga. Gwaf ɗaya idan ka saki totur ko ka shiga ribas, mahaɗin furofela ne ya yi sako-sako. Fito siriri daga baya, mai sauya murya tsakanin taka totur da sakinsa, difarenshal ne, kuma daidaita haƙoransa aiki ne na ma'auni, a bar wa masu shi. An daɗe ana ba da labarin dillalan da ke zuba garin katako cikin mansa don kukan ya yi shiru har a gama ciniki. Mai sayen tsohuwar mota ya kwance murfin ya taɓa man da yatsa, ya ga abin da ke ciki.

Yanzu ga abin da ke ba ni haushi. Akwai masu barin mota a giyar taya huɗu a kan kwalta, wai ta fi ƙarfi, ta fi riƙe hanya. Wa ya faɗa? A kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin tazara. Motoci irin Land Cruiser 70, wadda Toyota ta fitar a 1984, ba su da difarenshal na tsakiya. Da ka sa taya huɗu, furofelar gaba da ta baya sun ƙulle, dole su juya daidai wa daida. A rairayi ba komai, taya na ɗan zamewa, bambancin ya wuce. Kwalta kuwa ba ta barin taya ta zame, sai ƙarafan su yi ta murɗuwa kamar wankin da ake matsewa. Sitiyari ya yi nauyi, taya ta riƙa tsalle a kwana, sandar giyar ta ƙi fita, direba ya hau dukanta da hannu. Ba duka take so ba. Ka yi baya kaɗan a miƙe, ko ka sauke tayoyin gefe ɗaya kan ƙasa mai laushi, za ta saki da kanta. Taya ɗaya da ta fi sauran girma ma tana jawo irin wannan.

Abin sha'awa, wannan tambayar ta me ƙarar take bi ce dai ke warware matsalar ƙarar rediyon oba-oba. Kowa ya ga motocin ƙungiyoyin agaji da ƙatuwar eriya a gaba. Galibi rediyon dogon zango ne, irin na kamfanin Codan na Ostareliya. A Amurka masu yawon daji sun daɗe da rediyon CB mai aiki a megahaz 27, wanda aka buɗe wa jama'a a 1958, a Ostareliya kuma sun fi riƙe na megahaz 477. Mai megahaz 27 ɗin bisa al'ada AM ne, yana kwasar kowace shara. Mai 477 ɗin FM ne, ya fi tsabta. Duk da haka gwajin ɗaya ne.

Kashe injin ka saurara. In ƙarar ta tafi, daga motarka take, ba daga sama ba. Tayar da injin ka taka totur. Fiton da ke hawa yana sauka tare da totur daga injin cajin batir yake fitowa, sau da yawa ɗaya daga diyod ɗinsa ne ya mutu. Tas-tas-tas mai ƙara sauri kuwa tartsatsin fulogi ne. Nan ma na sha jin ana ce wa mai motar dizil ya canza wayoyin fulogi. Ina dizil ya ga tartsatsi? Matsi ne ke kunna mansa.

Daga nan sai ka zare wayar eriya daga bayan rediyon, amma kada ka danna maɓallin magana a wannan hali, za ka iya ƙona shi. In ƙarar na nan, ta wayar wuta take shigowa: a ja wa rediyon wayarsa kai tsaye daga batir, da fis kusa da batirin, ba a laƙa ta a soket ɗin kunna taba ba. In ta ɓace, eriya ce ke kwaso ta: a kankare fenti da tsatsa a gindinta har ƙarfe ya taɓa ƙarfe, a ɗaure bonet da salansa da shasi ga bodi da faffaɗar wayar jan ƙarfe.

Akwai ƙarar da ba mai wayarin da zai gyara. Idan guguwar ƙura ta taso, ƙwayoyinta na goga eriya su tara lantarki, rediyo ya yi ta shuu har iska ta kwanta. Wannan sai haƙuri. Sai dai a yau, abin da ya fi toshe rediyo ba ƙura ba ne: dogayen fitilun LED masu araha da ake jerawa a saman mota, da ƴar cajar waya ta kasuwa. Na'urar daidaita wutar da ke cikinsu na katsewa tana haɗawa sau dubbai a daƙiƙa, ta watsa hayaniya ko'ina. Don haka, mai karatu, kafin ka ba da kuɗin sabuwar eriya, kashe fitilar nan, zare cajar, ka sake saurarawa.