Awa Huɗu a Kullum, Shekara Goma a Rayuwa

Bayan sallar isha'i a lungunan Yakasai da Ƙofar Mata, samari na zaune kan dakali, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Kafin layukan GSM su shigo Najeriya a 2001, hira da tatsuniya ne ke cinye wannan lokaci.

Lissafin ba wuya: mai kallon waya awa huɗu kullum, cikin shekara 60 ya ba ta shekara 10 cur.

Likitoci na danganta latse-latsen dare da ƙarancin barci, gajiyar ido da ciwon wuya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin.