Kwalejin Rimi Kafin Ta Zama Ta Gwamnati

Matasan Mando da Kawo sun san Kwalejin Rimi da ke Unguwar Rimi, amma kaɗan ne suka san ba da wannan suna aka yanka mata rago ba. Sunanta na fari St. John's College. Limaman cocin Katolika na ƙungiyar SMA, galibinsu mutanen ƙasar Ayaland, su suka buɗe ta a 1949 domin yara maza.

Ba banza aka zaɓi Kaduna ba. Turawan mulkin mallaka sun taƙaita ayyukan mishan a biranen sarakunan Musulmi, ita kuwa Kaduna sabon gari ce, hedikwatar Arewa tun 1917, cike da ma'aikatan jirgin ƙasa, akawuna da sojoji, da yawansu Kiristoci daga Kudu. 'Ya'yansu kan gama firamaren mishan su rasa inda za su ɗora. 'Yan mata sun riga sun samu tasu a Kakuri, wato Queen of Apostles, wadda sistoci ke riƙe da ita. Cikin waɗanda suka zauna a azuzuwan St. John's har da Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda Arewa ba za ta manta da abin da ya aikata a juyin mulkin ranar 15 ga Janairun 1966 ba.

A 1972 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, ƙarƙashin gwamnan soja Abba Kyari, ta karɓe makarantun mishan. St. John's ta koma Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina, St. Paul's ta cocin Angilika a Wusasa ta zama Kufena. Hujjar gwamnati ba ta wasa ba ce: ƙasa ta fito daga yaƙin basasa, ana son ilimi ya zama na kowa, kuma uban da ke tsoron a sauya wa ɗansa addini ya samu kwanciyar hankali. An samu hakan. Sai dai a ganina an yi asarar abu guda. A da, makaranta na da mai ita, wanda ke kwana a cikinta, ya san tagar da ta fashe da yaron da bai zo aji ba. Kayan gwamnati kuwa, kowa ya san yadda muke riƙonsa.

Legas da Anambra sun mayar wa coci-coci wasu makarantunsu. Ko a mayar ko kada a mayar, tsofaffin ɗaliban Rimi, Musulmi da Kirista, ku tattara hotuna da rajistocin makarantar tun waɗanda suka ga zamanin limaman cocin suna raye.