Kiɗa da Waƙa a Ɗakin Tiyatar Ido: Abin da ya Dace da Majinyaci Bahaushe

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa yanar ido ce ke haddasa kashi 43 cikin ɗari na makanta. Maganinta tiyata ne, kuma galibi ido kaɗai ake kashewa da allura, majinyaci yana farke, yana jin ƙarar kayan aiki. Fargaba kan ƙara bugun zuciya da hawan jini, ta kuma sa mutum motsi, alhali motsin kai kaɗan yana iya ɓata aikin likita.

Amfani da kiɗa a nan ya daɗe. A 1914 likitan Amurka Evan O'Neill Kane ya ba da rahoton kunna garmaho a ɗakin tiyata domin kwantar da hankalin majinyata. A 2015 mujallar The Lancet ta buga nazarin gwaje-gwaje 73, wanda ya nuna cewa kiɗa na rage fargaba da zafi da buƙatar maganin kashe ciwo. Sauti mai taushi yana janye hankali daga abin tsoro, ya kuma sassauta numfashi.

Sai dai wane sauti ne zai dace da dattijon birnin Zariya, irin mai zuwa Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan? Kiɗan kalangu da tambura na zuga ne, kuma mai sauraro kan gyaɗa kai. Gurmi ko kuntigi mai sanyin tafiya ya fi kusa da buƙata. Akwai kuma wanda aƙidarsa ba ta amince da kiɗa ba, kunna masa shi ƙarin damuwa ne. Irin wannan zai fi natsuwa da ƙira'a ko rubutacciyar waƙa da ake rerawa ba kiɗa, kamar ta Aliyu Namangi, makahon mawaƙin Zariya. Ko a nan akwai lura: baitocin tuna mutuwa da ke cikin Imfiraji ba su dace da mai kwance gaban likita ba.

Saboda haka zaɓin na majinyaci ne, a tambaye shi tun kafin aiki, a kuma rage sauti yadda zai ji umarnin likita. Tantance waƙoƙin ta fuskar jigo da kari aiki ne da likitoci ke buƙatar masana adabin Hausa su kama musu.