Rikicin masu keke da direbobi a Birtaniya: yadda kyamara da manhaja suka shiga tsakani

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok zai iya cin karo da irin wannan bidiyon: ayarin masu keken tsere suna tafe a titin ƙauye a Ingila, mota ta zo ta wuce su kamar za ta goge su, sai a tsaya ana cacar baki. Direba yana ganin an tare masa hanya da gangan. Mai keke kuma yana ganin saura ƙiris a aika shi lahira. Rikicin tsoho ne, amma na'urorin zamani sun canza yadda yake ƙarewa.

Me ya sa suke jeruwa biyu-biyu?

Masu keken tsere suna tafiya a ayari ne saboda iska. Na gaba shi ke keta iskar, na baya kuma su samu sauƙin tuƙi, sannan a riƙa karɓa-karɓa.

Jeruwa biyu-biyu ita ta fi ɓata wa direbobi rai, amma akwai lissafi a ciki. A ɗauka mutum 12 ne, kowa yana cin mita biyu da rabi. Idan suka bi layi ɗaya, tsawonsu zai kai mita 30. Idan suka jeru biyu-biyu, ya koma mita 15. Direban da zai wuce su zai rage lokacin da zai ɗauka a hannun motocin da ke tahowa. Haka kuma ba zai yi sha'awar kutsawa ta gefensu a inda babu fili ba.

Abin da doka ta ce

A ranar 29 ga Janairun 2022 aka sabunta kundin ƙa'idojin hanya na Birtaniya. Ya ce direban da ke gudun da bai wuce mil 30 a awa ba, wato kusan kilomita 48, ya bar tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke. Idan gudun ya fi haka, ya ƙara tazarar. Kundin ya yarda a jeru biyu-biyu, amma ya nemi masu keke su lura da motocin da suka taru a bayansu, su koma layi ɗaya ko su tsaya idan babu hatsari.

Wasu direbobi kan ce masu keke ba sa biyan harajin hanya. Gaskiyar ita ce tun 1937 aka daina ware harajin mota don gina tituna a ƙasar. Daga baitulmali ake gina su, inda kuɗin kowa ke shiga.

Na'urorin da suka shigo

Ta farko ita ce kyamara. A da, idan mota ta matse mai keke, magana ce ta fatar baki, kowa ya faɗi tasa. Yanzu da yawa suna ɗaura GoPro ko Cycliq a jikin keken. Akwai tsarin 'yan sanda mai suna Operation Snap, wanda ya fara a yankin Wales, inda ake tura bidiyon ta intanet. Ana so a tura da wuri, domin a irin waɗannan laifuka doka ta ba da kwana 14 ne a aika wa mai motar takardar sanarwa. Sakamakon yana iya zama gargaɗi, kwas na gyaran tuƙi, tara, ko gurfana a kotu.

Ta biyu ita ce Garmin Varia, wata 'yar na'urar rada da ake maƙalawa a ƙasan sirdi. Tana hango motar da ke tahowa ta baya daga nisan mita 140, ta yi ƙara, ta nuna ta kamar ɗigo a fuskar waya ko kwamfutar keke. Wannan yana ba na ƙarshen ayari damar sanar da sauran tun kafin motar ta iso.

Ta uku ita ce manhajar Strava, wadda ta fito a 2009. Tana amfani da GPS wajen auna gudu, tana kuma jera sunayen waɗanda suka fi sauri a wani yanki na titi. A nan masu keke ma suna da nasu laifin: neman zama na ɗaya yana sa wasu gudun ganganci a titin da jama'a ke bi. Shi ya sa manhajar ta ba da damar a yi wa yanki alamar hatsari, a ɓoye jerin gasarsa.

Iyakar abin da na'ura za ta iya

Kyamara ba ta da ɓangare. Yadda take kama direban da ya matse mai keke, haka kyamarar gaban mota ke kama mai keken da ya keta jar danja. Sai dai shaida kawai take bayarwa bayan abu ya faru, rada kuma gargaɗi kawai take yi. Idan aka yi karo, direba zai kai motarsa wurin mai gyara, mai keke kuwa asibiti za a kwashe shi. Wannan bambancin ne ya sa kundin 2022 ya ɗora nauyi mafi girma a kan wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna.